Murhun Gidan Tela

Shekara goma sha tara Mai Lema ta yi tana shiga gidajen mutane, kuma a duk tsawon wannan lokaci ba ta taɓa tambayar kowa ko ya ci abinci ba. Ta san amsar tun kafin a buɗe baki. Ka tambayi magidanci ko an ci a gidansa, ko da kwana biyu ya yi yana haɗiyar miyau, zai gyara zama ya ce maka alhamdulillahi, har ya ce a kawo maka ragowa. Ita kuwa ba ta da lokacin wannan wasan, don haka ta samo wata hanya tata ta kanta.

Aikinta ziyara ne. Ofishin da take wa aiki yana tallafa wa iyalan da ciwo ya kayar da wani babba a cikinsu: a kai musu awon hatsi da mai, a karɓo musu magani, a leƙa a ga yadda suke. Da shara ta fara a ofishin, bayan rasuwar mijinta, lokacin tana da 'ya'ya uku da karatun da bai wuce firamare ba. Wata rana mai ziyarar unguwarsu ta kwanta rashin lafiya aka rasa wanda ya san lungunan, sai aka ce da mai shara ta raka baƙuwar da aka turo. Tun daga ranar ba ta sake ɗaukar tsintsiyar ofis ba. Lemar da ta ba ta suna baƙa ce, an ɗinke ta wuri uku, kuma da rana da ruwa duk da ita take yawo, har yaran unguwa suka manta tana da wani suna.

Ga yadda take yi. In ta shiga gida ta gaisa, ta tambayi mai jiki, sai ta dubi tafin hannunta ta ce ƙurar hanya ta ɓata shi, bari ta wanke kafin ta taɓa maras lafiya. A irin gidajen nan kuwa ruwa kullum yana baya ne, kusa da inda ake girki. Tana sunkuyawa ta ɗauki buta, sai ta ɗora bayan hannunta a kan dutsen murhu kamar mai neman abin dafawa. Dutse ba ya ƙarya. In an yi girki da safe, da sauran ɗumi har azahar. In jiya ce rabonsa da wuta, tokar za ta yi laushi amma dutsen ya huce. In kuwa toka ta kwanta ta yi tauri, har kiyashi sun yi hanya a kai, to ba ta ƙara cewa komai. Ta ƙarasa hirarta, ta yi sallama, ta miƙe sai wurin Mai Sito, mutumin da ke riƙe da mabuɗin ɗakin ajiya na ofis, ta ce masa gidan wane. Shi ma ba ya tambaya. Washegari buhu zai isa gidan, a ce rabon wata ne ya fito da wuri.

Cikin gidajenta babu wanda ta fi daɗewa a kai kamar gidan Tela. Tsoho ne dogo, mai tsabta har ta yi yawa, wanda ya yi shekara arba'in a kan keke kafin yanar ido ta rufe masa gani. Yanzu ko zare ba ya iya zurawa, amma keken yana nan a zaure an lulluɓe shi da zane, kullum sai ya goge shi. Matarsa, wadda kowa ke kira Iya, ɓarin jikinta ya shanye shekara shida da suka wuce, ga kuma ciwon suga, wanda ba a shan maganinsa sai da abinci a ciki. 'Yarsu guda ce, tana aure a wani gari mai nisa, ita ma da nata nauyin. Shi yake juya Iya, shi yake wanke ta, shi yake dafa musu abin da ya samu da lalube. Kuma mutum ne da ya gwammace ya mutu a tsaye da a ji ya ce ba shi da shi. In Mai Lema ta shigo, sai ya tsokane ta ya ce ga likitan da ba ta da allura ta iso, ita kuma ta ce ga telan da ya fi kowa tsada a gari, tunda shekara shida tana jiran ya ɗinke mata lema. Daga nan sai ta dubi hannunta, ta nufi baya.

A shekararta ta goma sha tara sai aka zo da horo. Masu ba ofishin tallafi suka ce daga yanzu duk mai shiga gidan mutane sai ya yi kwas na mako shida a kan ƙa'idojin ingancin aiki, ya fito da takardar shaida, wanda bai samu ba kuma a sallame shi. Mai Lema ta sha jinin jikinta. Ita ce mafi tsufa a cikin su goma sha biyu, ita ce kuma mafi ƙarancin boko, kuma ta san in aka sallame ta a wannan shekarun ko sharar ma ba za a mayar da ita ba. Ta sayi sabon littafi da biro biyu, ta riƙa zama a kujerar gaba a babban ɗakin da ke saman ofis, ƙarƙashin fankar da ke juyawa ba ta kawo iska.

Malamar da aka turo yarinya ce a kanta, ba ta wuce sa'ar 'yarta ta fari ba, amma kada a ɗauki alhakinta, ta san aikinta kuma tana da ladabi. Mama take ce wa Mai Lema, kuma ba ta taɓa barin ta ta ɗauki kujera da kanta ba. Abin da ta koyar kuma ba shirme ba ne. A sanar da iyali kwana biyu kafin a je. A zauna inda suka ba da wuri. A yi tambayoyin da ke kan fom yadda aka rubuta su, a rubuta amsa yadda aka bayar, ba yadda mai ziyara ya zata ba. Kada a leƙa ɗaki ko madafa ba da izini ba. Amsoshin nan su za a tara a fitar da maki, kuma da makin za a san wanda ya fi buƙata, don kada tallafi ya zama sai wanda mai ziyara ta ga dama. Gidan da makinsa ya yi kyau sau uku a jere, a yaye shi, a ba wani gidan da ke layi gurbinsa. Gidajen da ke layi kuwa sun fi ɗari.

A mako na biyu Malama ta ce kowa ya faɗi wata dabara da yake amfani da ita a aiki. Mai Lema ta miƙe da ƙarfin gwiwa, don a nan kam tana ganin babu wanda zai gaya mata, ta ba da labarin buta da dutsen murhu. Wasu suka yi dariya, wasu suka jinjina kai. Malama ta gode mata, ta ce ta san da kyakkyawar niyya take yi. Amma ta ce a duba abin da kyau: an shiga gidan mutum, an yi masa ƙaryar wanke hannu, an binciki asirinsa bai sani ba. Ta ba da labarin wata mai ziyara a wani reshe da ta buɗe tukunyar wata mata a gaban maƙwabta, matar ta rufe ƙofarta ba ta sake barin kowa ya shiga ba har yaronta ya galabaita.

"Mama, talaka ma yana da mutuncinsa," in ji ta a hankali. "In muna son sanin halin da yake ciki, mu tambaye shi a fuskarsa. Ba mu da ikon lalube a bayan idonsa."

Da tsawa ta yi mata, da Mai Lema ta kakkaɓe zanenta ta manta. Taushin maganar ne ya shige ta, domin ya taɓo wani tsohon miki. Tana 'yar shekara tara wata ƙanwar babanta ta zo gidansu, ta wuce kai tsaye ta ɗaga murfin tukunyar mahaifiyarta, ta tarar babu komai, ta saki salati yadda duk gidan haya suka ji. Har yau tana iya ganin fuskar mahaifiyarta a ranar. Ta zauna a kujerar roba tana tambayar kanta, ashe shekara goma sha tara ita ma murfin tukunya take ɗagawa? Kunya ta rufe ta, kuma tun daga ranar ta ɗaura aniyar ba za ta sake ba.

Ta zage ta koyi fom ɗin har ta haddace shi. Aka raba musu jaka sabuwa, da katin wuya, da 'yar kwalbar man tsabtace hannu da ba ya buƙatar ruwa. Aka ce kowa ya zaɓi gidaje uku ya bi su wata uku a kan sabuwar ƙa'ida, da fayilolinsu za a auna shi a ba shi takarda. Gidan Tela ta fara zaɓa, saboda nan ne ta fi sakewa.

Ziyarar farko da Malama suka je, bayan an aika da sanarwa. Suka tarar an share tsakar gida, an canja wa Iya zane, Tela ya sa farar rigarsa mai guga. Ya shimfiɗa musu tabarma a ƙofar ɗaki, suka zauna inda ya nuna. Mai Lema ta buɗe fom, ta karanto tambaya ta huɗu da muryar da ita kanta ba ta gane ba: sau nawa aka ci abinci a gidan nan jiya? Tsohon ya juyo da fuskarsa wajen muryarta, ya ce sau uku, alhamdulillahi. Akwai mai taimaka musu ban da ofis? Ya ce 'yarsu tana aikowa, Allah ya yi mata albarka. Me kuma zai ce, ga baƙuwa mai katin wuya zaune a tabarmarsa? Da suka tashi tafiya ya ce ruwa na nan baya in za ta wanke hannu. Ta fito da 'yar kwalbarta ta ɗiga a tafi, ta ce ai yanzu an ci gaba, Baba. A hanya Malama ta yaba mata, ta ce haka ake so.

Makin ya fito da kyau, sai aka rage musu awo zuwa rabi. Mai Sito ya tare ta a bakin ɗakin ajiya ya ce kwana biyu bai ji ta ambaci gidan Tela ba, lafiya dai? Ta ce lafiya ƙalau, 'yarsu ce ta fara aikowa. Ta faɗa kuma ta so ta yarda, don ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma da bakinsa ya faɗa.

Ziyara ta biyu ita kaɗai ta je. Babu Malama, babu mai ganinta, da ta so ta zagaya baya da ta zagaya. Amma yanzu gida takwas take bi a yini maimakon biyar, kowane gida minti arba'in, ga kuma maganar murfin tukunya tana ci mata zuciya. Ta lura rigar Tela ta yi masa yawa a kafaɗa. Ta lura Iya, wadda ko da bakinta ya karkace ba ta rasa abin tsokana, ranar idanu kawai take bin ta da su. Ta nemi gurbin da za ta rubuta wannan a fom, ta ga akwai wani fili a ƙasa da aka ce a rubuta abin da aka gani ƙarara, ban da zato. Riga ta yi wa tsoho yawa, wannan gani ne ko zato? Ta bar wurin babu komai. Amsar Tela dai ba ta canja ba: sau uku, alhamdulillahi. Ruwa na nan baya. Ta nuna kwalba.

A ziyara ta uku ya yi maganar ruwan har sau biyu. Na farko tun tana shigowa, kafin ma ta zauna. Na biyu tana haɗa takardunta, bayan ya dangwala yatsansa a ƙasan fom.

"'Yar nan, kin sha hanya. Ga buta can baya, na cika miki ita tun safe."

Ta tsaya da jaka a hannu. Ƙafarta ma ta so ta tafi da kanta, don shekara shida ta san hanyar. Sai wani tunani ya zo mata, cewa watakila tsohon ya gane abin da take yi masa a da, yana yi mata gugar zana ne cikin ladabi irin nasa. Kunyar nan ta sake taso mata.

"Hannuna fes yake, Baba. Ka bar ruwanka, za ku buƙace shi."

Ya ce to, Allah ya kai ta lafiya. Bai tsokane ta da maganar allura ba, ita ma ba ta tambayi ɗinkin lema ba.

Aka yaye gidan Tela a ƙarshen watan. Takardar da aka aika musu tana taya su murna, ta ce in hali ya canja suna iya zuwa ofis su sake neman shiga layi. Wa zai karanta masa, kuma ko an karanta, shi ne zai bar Iya ita kaɗai ya lalubo hanyar ofis ya tsaya gaban tebur ya ce a taimake shi? Mai Lema ta samu sababbin gidaje biyu a wata unguwa, masu buƙata ta gaske, har da wata mata mai jarirai tagwaye da miji a kwance. Kullum tana cewa ranar hutu za ta leƙa Tela a matsayin 'yar'uwa ba ma'aikaciya ba. Ranar hutu ta zo ta tarar da wanki da ciwon gwiwa, ta ɗaga zuwa mako mai zuwa. Haka mako bakwai suka shige.

Ranar da aka raba takardun shaida, an jera kujeru a ɗakin sama, an kawo lemon kwalba. Da aka kira ta ɗakin ya ɗauki tafi, don kowa ya san daga inda ta taso. Malama ta ɗaga fayil ɗin gidan Tela ta ce wannan shi ne mafi tsabta a ajin, babu gurbin da aka tsallake, babu inda mai ziyara ta cusa ra'ayinta, kuma da shi za a koyar da rukuni na gaba. Mai Lema ta ji daɗi, kada a ɓoye, daɗin da rabonta da irinsa tun auren 'yarta. Ta sa takardar a leda ta zura a jaka. Tana saukowa daga bene Mai Sito ya tare ta, ya cire hularsa ya mayar, ya ce yanzu wani mai kawo kaya daga unguwar ya gaya masa matar Tela ta rasu jiya da hantsi, har an kai ta.

Ba ta tuna yadda ta isa ba, sai dai ta san ta bar lemarta a ofis, karo na farko a shekara goma sha tara. Tun daga bakin lungu ta hango hayaƙi yana tashi daga bayan gidan. Mata maƙwabta ne suke dafa wa masu zuwa gaisuwa abinci. Ɗaya daga cikinsu, mai sayar da gawayi a bakin titi, ta ja ta gefe tana share hawaye. Ta ce wallahi ba su sani ba, ƙofarsa kullum a rufe, in an gaishe shi ya ce lafiya lau, kuma kowa ya saki jiki tunda an san ofishinsu na kula da gidan. Ta ce da suka zo hura wuta sai da suka kwashe yanar gizo da kashin ɓera daga cikin murhun. Abin da suka samu a ɗakin, gwangwanin gari ne da ya rage kaɗan a gindi, wanda yake jiƙa wa Iya da ruwan sanyi, cokali biyu uku, don ta samu ta sha magani. Shi kansa ba a san abin da yake ci ba. Ajali ne, kowa ya faɗa, kuma gaskiya ne. Amma Mai Lema ta daɗe a aikin nan, ta san abin da maganin suga ke yi wa cikin da babu komai.

Ta jira har mutane suka ragu bayan la'asar. Yana zaune a zaure kusa da kekensa, ya zama kamar sanda a cikin farar rigar. Ta durƙusa ta yi masa gaisuwa, ya gane muryarta ya amsa, ya yi mata godiya har da tambayar yara. Ta so ta yi shiru ta tashi, amma abin ya fi ƙarfinta.

"Baba, me ya sa ba ka gaya mini ba? Sau uku ina tambayar ka."

Bai yi fushi ba. Ya shafa zanen da ke kan keken, ya gyara masa kusurwa.

"Ni ma sau uku ina ce miki ruwa na baya," in ji shi. "Na ƙarshen har na maimaita."

Sai ya ci gaba.

"Kin zaci ban sani ba? Idona ne ya mutu, 'yar nan, ba kunnena ba. Shekara shida ina jin ƙarar awarwaronki a kan dutsen nan. In kin taɓa kin fita, ni da Iya sai mu ce to, gobe akwai. Ba ki taɓa sa ni na faɗa da bakina ba, shi ya sa nake sa miki albarka. Da kika zo da takarda kika tambaye ni a gaban baƙuwa, kika daina zuwa baya, sai na ce wa Iya an gaji da mu ne, ana neman hanyar sallamarmu cikin mutunci. Na ce to, kada mu ba yarinyar nan kunya."

Wani ya yi sallama a ƙofa, Tela ya juya ya amsa, ya miƙa hannu a iska yana neman hannun mai gaisuwa. Mai Lema ta tashi da ƙyar. Ba ta nufi waje ba, ta bi ta tsakar gida ta zagaya baya, inda matan suka riga suka sauke tukwane suka shiga ɗaki. Butar tana nan inda take kullum, cike da ruwa. Ta sunkuya ta ɗora bayan hannunta a kan dutsen murhun, zafin ya ƙone ta, ba ta ɗauke ba sai da mai gawayi ta fito ta gan ta ta janye mata hannun.